Walda a garejin gida: yadda wata Golf ta ƙone bayan an tashi daga aiki

Gobarar walda ba kasafai take tashi a gaban mai walda ba. Takan jira sai an naɗe waya, an wanke hannu, an ja ƙofa. Don a ga yadda hakan ke faruwa, a ɗauki misalin gida guda a Tudun Wadar Zariya, irin gidajen nan da aka fasa ɗakin da ke jikin zaure aka mai da shi gareji, a bi aikin yini ɗaya tun daga jona waya har zuwa toka.

Garejin faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 6. Rufin kwano ne da silin na katako, ƙofar ƙarfe mai ganye biyu, babu taga sai 'yar kafa can sama. Kamar kowane gareji a garin nan, ba mota kaɗai ke kwana ciki ba. A bangon ƙurya akwai damman harawa na ragon da ake kiwo, da tsohuwar katifa a jingine, da kwalaye. Kusa da ƙofa kuma jarka biyu ne masu cin lita 25, ɗaya cike da fetur, ɗaya ta kai rabi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa suka koma saye su ajiye idan sun samu sauƙi, kuma garejin ne ma'aji.

Motar Golf 3 ce, irin wadda aka ƙera a shekarun 1990, ta sha gishirin titunan Turai kafin ta iso nan. Daɓen ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar mai zama a baya ta dama ya rube, har ana hango ƙasa ta wani rami da bai kai tafin hannu ba. Maigidan ya ga ba sai an kai wa masu gyaran bodi a Sabon Gari ba. Ƙanensa ya taɓa zama a shagon masu ƙera ƙofofi da tagogi, hannunsa ya faɗa da walda. Aka aro ƙaramin injin walda na lantarki da injin gurzar ƙarfe, wanda masu sana'ar ke kira giranda, aka sayo faifan yanka da sandunan walda, aka jawo janaretan gida bakin ƙofa. Ranar Asabar ce cikin watan Janairu, hunturu ya busar da komai, tsinke ma taka shi ka yi sai ya karye.

Abin da ke bayan ƙarfen

Mai ƙera ƙofa ya saba da ƙarfe tsirara: gabansa ƙarfe, bayansa iska. Mota ba haka take ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Daɓen Golf bai wuce kaurin milimita ɗaya ba, amma an lulluɓe shi ciki da waje da abubuwan da wuta ke so. Ta ciki akwai kafet, ƙarƙashinsa wani abu mai kama da matsattsiyar auduga, ƙarƙashin wannan kuma faci-facin kwalta da aka manna don rage ƙara. Ta waje akwai baƙin shafe mai kauri kamar roba da ke kare ƙarfen daga ruwa. Cikin dogon ramin da ke ƙasan ƙofofi kamfani ya zuba kaki don hana tsatsa, kuma wayoyin lantarki na bi ta gefensa. Layukan fetur, waɗanda na roba ne mai tauri, suna bin ƙarƙashin daɓen ta wannan ɓangare na dama zuwa tanki. Tankin kansa na roba ne, yana cin lita 55, kuma yana nan baya kaɗan da kujerar baya.

Ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500. Layin fetur na roba kuwa kafin a kai digiri 200 ya saki. Duk wanda zai kunna walda a jikin mota, wajibi ne kafin komai ya kwanta ƙasa da tocila ya ga abin da ke bayan wurin, ya kuma sa hannu ya laluba. A wannan gida ba a yi hakan ba. An ɗaga kafet ɗin, aka naɗe shi baya zuwa gindin kujera, aka danne da spana. Audugar da ke ƙarƙashinsa aka yage daidai bakin ramin kawai, sauran na nan. Kujerar baya ba a cire ta ba, ita da soson da ke cikinta.

Yanka

Da misalin ƙarfe biyu da rabi aka fara yanke ruɓaɓɓen wurin. Giranda mai faifan milimita 115 tana juyawa sau 11,000 zuwa 12,000 a minti ɗaya, tana feso tartsatsi kamar ruwan famfo. Mutane sun raina wannan tartsatsin saboda yana taɓa fata bai cika ƙona ta ba. Gaskiya ne ƙananan suna mutuwa a iska, amma manyan suna isa ƙasa da sauran wuta a jikinsu, su yi tsalle, su gangara, su shige inda ido ba ya kaiwa. Ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, NFPA, a ƙa'idarta mai lamba 51B, ta ce a kawar ko a rufe duk abin da zai iya kamawa har nisan ƙafa 35 daga wurin aiki, wato kusan mita 11. A gwada wannan da garejin da duka tsawonsa mita 6 ne: babu kusurwar da ta tsira. Harawar na mita 3 daga bakin faifan, jarkokin ba su kai haka ba.

Wani abin da ake mantawa shi ne mai riƙe da giranda shi ke zaɓar inda tartsatsin zai nufa, ta yadda ya juya murfin faifan da gefen da ya kafa shi. Yaron ya juya shi don kada ya feso masa a fuska, sai ya zama yana zuba kai tsaye cikin naɗin kafet ɗin da gindin kujera. Da an cire murfin gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don faifai ya shiga lungu, da abin ya fi haka muni, ga kuma haɗarin faifan ya fashe a fuska.

Walda, da gargaɗin da aka yi watsi da shi

Aka yanko faci daga wani guntun ƙarfe, aka ɗora. Sandar da aka sayo ita ce ta milimita 2.5, wadda ake ƙera ƙofa da ita, kuma tana buƙatar amfiya 60 zuwa 90 kafin ta kama da kyau. Wannan wuta ta fi ƙarfin fallen mota. Da an ɗora sai ya huje, narkakken ƙarfe ya ɗiga ƙasa, a koma cike ramin, zafi ya ƙara taruwa. Fallen da bai kai milimita ɗaya ba, idan dole sai da sanda za a yi shi, ana neman ta milimita 1.6 ko 2, a rage wuta ƙasa sosai, a riƙa ɗigawa nan da can, ana tsallakawa, ana barin wuri ya huce har a iya ɗora hannu kusa da shi kafin a dawo. Jan layi ɗaya dogo shi ke sa ƙarfen ya yi ja har bayansa ya kama.

Batir ma ba a cire shi ba, kuma maƙalin wayar ƙasa ta injin an kama shi can a ƙarfen da ake jan mota da shi, nesa da wurin aiki. Wutar walda sai ta koma inda ta fito, kuma duk hanyar da ta samu bi take yi, har da siraran wayoyin mota da ba a yi su don ɗaukar amfiya 80 ba. Suna iya yin zafi cikin bodi inda ba mai gani, ƙwaƙwalwar motar ma tana iya tafiya. Abin da ya dace shi ne a fara cire kan batir na nagetif, a kankare fenti kusa da wurin waldar, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, a maƙala wayar a nan.

Wajen la'asar sai maigidan, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ga hayaƙi baƙi na fitowa daga ƙarƙashin motar.

"Kai, dakata! Ƙasan ya kama."

Yaron ya ɗage gilashin fuska, ya leƙa, ya fasa ledar ruwa biyu ya watsa. Harshen wutar bai fi tsawon yatsa ba, ya mutu nan take.

"Ba komai, Yaya, baƙin shafen nan ne. Haka yake yi."

Ba ƙarya ya yi ba, haka yake yi. Amma wannan ƙaramar wuta ta faɗi abu biyu. Na farko, mai walda ba ya ganin gobara: ta cikin baƙin gilashin nan ba abin da yake gani sai hasken sandarsa, ƙarar janareta kuma ta toshe kunne, warin walda ya toshe hanci. Ba don an yi sa'a wani na tsaye ba, da tun a lokacin aka yi ta. Na biyu, wutar ta tashi ne kimanin taƙi ɗaya daga layin fetur, ta gasa shi, ya yi laushi, bai dai ɓule ba. A motoci masu injekta, man da ke cikin layi yakan zauna da matsi ko bayan an kashe inji, don haka layin da ya raunana jira kawai yake yi. A nan ya kamata a ajiye sanda, a ɗaga motar a kan ƙafafun ƙarfe, a kankare shafen har faɗin tafin hannu ko fiye a kewaye da facin, a kwance layukan daga maƙalansu a janye su gefe, a sa fallen kwano tsakaninsu da wurin aiki. Sai aka ci gaba.

Fetur a ƙasa

Bayan sallar la'asar janareta ya shanye mansa. Aka jawo jarkar da ke rabi, aka ɗura masa yana da zafi, ba mazurari, wani ya zube a siminti. Murfin jarkar aka ɗora shi kawai ba a murɗa ba, don ana sa ran ƙara ɗurawa.

Ruwan fetur ba shi ne ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a Zariya. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, shi ya sa ba ya tashi sama ya fice ta kafar bango. Kwanciya yake yi, ya malala kamar ruwa, ya taru a ƙarƙashin mota, a rami, a bakin kwata. Yana kamawa idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wurin. Lita ɗaya ta fetur tana ba da tururi sama da lita 150. Idan aka yi lissafi da garejin nan, abin da bai kai rabin lita ba, idan ya zube ya bushe ƙofa na rufe, ya isa ya mai da iskar da ke ƙasa, daga siminti zuwa tsayin ƙafa ɗaya, abin da ƙyastu ɗaya zai tayar. Muddin ƙofar na buɗe, iskar hunturu na kwashe shi. Matsalar ta fara ne da aka rufe.

Lissafin nan shi ne kuma amsar masu cewa tanki ba mai a ciki, a yi masa walda. Tanki mai lita 55, ƙaramin cokalin shayi ɗaya na fetur da ya maƙale a lungunsa ya ishe shi fashewa. Ɗauraye shi da ruwan omo ko tura masa hayaƙin salansa, kamar yadda ake yi a bakin titi, wata rana a dace, wata rana a kwashi mutum. Tankin da ya ɓule canza shi ake yi. Tukunyar gas ta CNG kuwa, wadda ake ɗura wa matsin da ya kai bar 200 a ma'aunin matsi, ko kusa da ita ba a kai wuta, balle a ɗora mata sanda.

Minti arba'in

Aka gama ana kiran magariba. Facin ya zauna, an goge shi da giranda, an shafa jan fenti. Aka saki kafet ya koma wurinsa a kan ƙarfen da bai gama hucewa ba, aka shigo da janareta da jarka, aka bar ƙofar motar ta baya a buɗe don warin fenti ya fita, aka ja ƙofar gareji aka sa kwaɗo. Daga masallaci kuma aka zauna a majalisa ana jiran isha'i.

A cikin naɗin audugar nan akwai ɗigon narkakken ƙarfe da bai fi ƙwayar dawa ba. Irin wannan auduga, da harawa, da katifa, da tsumma, da garin katako, ba kullum suke kamawa da harshe nan take ba. Cin ciki suke yi kamar garwashin da aka binne a toka, ba haske, hayaƙi kaɗan, har sai cin ya iso inda iska take. Yana iya ɗaukar minti ashirin, yana iya ɗaukar sa'o'i. Saboda haka ne ƙa'idar da aka ambata ta tanadi mutum ya zauna gadin wurin bayan an kashe inji. Da rabin sa'a ne, a bugun 2019 aka mai da shi sa'a guda. A ganinmu wannan ne mafi arha cikin duk matakan, kuma shi aka fi tsallakewa, don aikin gida kusan kullum a ƙurarren lokaci ake gama shi, ga gajiya, ga kiran salla. Wanda ya san zai tafi masallaci da magariba, sai ya ajiye walda da giranda tun ƙarfe biyar, ya cinye sauran lokacin yana tattara kaya a wurin, yana shafa bayan hannu a kan kafet da kujera da ƙasan bodi, yana shinshinawa.

Bayan minti arba'in da rufe ƙofa, uwargida ce ta fara jin wari a tsakar gida, ta ɗauka maƙwabta ne ke ƙona bola, abin da ba baƙo ba ne da yamma a wannan lokaci na shekara. Sai da yaro ya ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin kwano aka kwala ihu. A lokacin soson kujera ya riga ya kama.

Kashewa

Kuskure uku aka yi cikin minti biyar, kuma duka irin waɗanda kowa zai yi ne. Aka ɓalle kwaɗo aka wangale ganyen ƙofa biyu lokaci guda. Wutar da ta fara shaƙewa don ƙarancin iska ta samu abin da take nema, ta yi tsalle ta cika motar. Zafin ya ƙarasa layin da aka gasa ɗazu, fetur ya zubo ƙasa, simintin ya kama har bakin jarkar da ba a murɗa murfinta ba.

Sai aka shiga kwarara bokitan ruwa. Ruwa yana kashe katifa, harawa da katako, amma fetur ya fi ruwa rashin nauyi, hawa kansa yake yi ya bi shi duk inda ya gangara. Wutar ta biyo ruwan ta fito ƙofar gida ta nufi kwata. Abin da ya tare ta shi ne yashin ginin wani maƙwabci da matasa suka riƙa ɗebowa a kwanon gini da baho suna zubawa.

Na'urar kashe gobara kuwa tana nan, amma a cikin but ɗin motar da ke ci, 'yar kilo ɗaya da aka saya don jami'an kiyaye haɗurra a hanyar Kaduna. Ko da an kai gare ta, irin wannan ba ta wuce daƙiƙa goma tana feshi, kuma idan ta shekara da shekaru tana kwance garin cikinta yakan dunƙule. Aikin walda yana son mai garin hoda ta kilo 6 ko 9, allurarta a kan kore, a ajiye ta a bakin ƙofa ta waje inda za a ɗauka ba tare da an ratsa wuta ba, da bokiti biyu na yashi da ɗaya na ruwa da tsumma a ciki. Ana fesawa ne a gindin wutar daga nisan mita 2 zuwa 3, ana kaɗawa dama da hagu, mutum ya ba ƙofa baya.

Na ukun shi ne kiran 'yan kwana-kwana, wanda ba wanda ya tuna da shi sai da silin ya kama, kowa na zaton wani ya kira. A unguwannin da lungu ya yi yawa, kamar cikin birni ko tsakiyar Tudun Wada, motar ruwa na buƙatar lokaci da kuma wanda zai tsaya a bakin titi ya nuna mata hanya. Kiran shi ne aikin farko, a lambar ofishinsu mafi kusa ko lambar gaggawa ta 112, a kuma kashe wutar lantarkin gidan daga mita.

Ƙanen ya kutsa don ya jawo injin waldar da aka aro, abin mutane. Rigar ƙwallo ce a jikinsa, ta roba, ta narke ta manne masa a damtse. Auduga mai kauri ko fata ake sawa a wannan aiki, wadda ba ta jiƙe da mai ba. Hayaƙin soso kuma guba ne, shaƙa kaɗan ke kayar da mutum a rufaffen ɗaki. Da aka fito da shi nan take masu magani suka yi yawa: wannan ya ce ƙwai, wancan ya ce man goge baki, wani ya ce baƙin mai. Ba ɗaya da ya dace. Ruwa mai tsabta, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, ake kwararawa a kan ƙunar har minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, kada a ɓanɓare yadin da ya manne, kada a fasa ƙurajen, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ta asibiti ce, haka ma wanda ya shaƙi hayaƙi muryarsa ta dushe. A Zariya manyan ƙuna asibitin koyarwa na Shika ake kai su.

Abin da toka ta nuna

Da gari ya waye ana iya karanta yadda abin ya gudana. Facin na nan daram, waldar ba ta saki ba. Inda ƙarfe ya fi yin fari da lanƙwasa shi ne gindin kujerar baya, taƙi biyu daga facin, wurin da kafet ya kwanta a naɗe tsawon yini. Harawar da kowa ya fara zargi daga sama ta ƙone zuwa ƙasa, alamar wutar silin ce ta faɗo mata, ba daga ita ta tashi ba. Garin neman gira an rasa ido: mota, janareta, injin aro, rufin gareji da rabin na zaure.

Da za a sake wannan aiki, sai a turo motar waje, fili, nesa da zana da bola da busasshiyar ciyawa, a share ƙasa a yayyafa ruwa, amma ba inda mai walda zai tsaya ko wayoyinsa za su kwanta ba. Kujerar baya, kafet da audugarsa a fitar da su gaba ɗaya, aikin da bai fi minti talatin ba. Kwaltar ciki da shafen waje a kankare su. Abin da ba ya ciruwa a rufe shi da fallen kwano ko bargon walda, ba leda ko buhu ba. Jarkoki su koma can bayan gida a inuwa, murfi a murɗe. Janareta a kashe shi ya huce kafin a ƙara masa mai. Wayar da za ta kai wuta ga injin ta zama mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ko 4, a warware ta duka, don wadda aka bari a naɗe zafi take tarawa har robarta ta narke. Mutum na biyu kuma ba kallo ya zo yi ba: wurinsa ɗaya gefen ƙarfen, a tsugune, idonsa a ƙarƙashin mota ba a kan hasken walda ba, na'urar kashe gobara a kusa da gwiwarsa, kuma idan ya ce a tsaya an tsaya, ko da shi ne ƙaramin gidan.